Akun marigayi Kawu ya ƙi kowa, yaya zan yi da shi?

Baban Zara, Angwan Rogo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na san yawancinku masu kanari ne da tantabaru, amma yau wanda ya taɓa riƙe aku nake nema. Kawuna ya rasu a Bukuru wata biyar da suka wuce, ya bar aku irin mai launin toka da jar wutsiya, wanda tun ina sakandare nake ganinsa a barandarsa. Da aka yi arba'in sai aka kai shi gidan babban ɗansa. Can yara suka mai da shi abin wasa, suna zura masa tsinken tsintsiya ta wayar keji wai sai ya yi magana. Ya ciji wata yarinya a yatsa, aka tattara shi aka ba wani mai shagon aski. Sati uku ke nan da na je na tarar da shi a ƙarƙashin benci kusa da janareta, ƙirjinsa fes kamar kazar da aka figa. Ban yi shawara da kowa ba na ɗauko shi.

To ga inda nake. In na matso kusa da kejin kamar taku uku sai ya fara wani gurnani kamar ana jan ƙarfe a siminti, ya faɗo daga kan sanda yana dukan waya da fukafukai. Jiya har jini na gani. Ba ya cin komai sai kowa ya bar ɗakin. Sannan da asuba in gida ya yi tsit sai ya yi tari irin na Kawu sak, ya ce "Hajiya, a kawo buta." Uwargida ta ce ita fa ba za ta iya ba. Don Allah mai shawara ya taimaka.

Shugaban zaure: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta. Jama'a bismillah.

Alhaji Mai Tantabaru, Gangare: Allah ya gafarta masa. Yaro, wannan ba abin tashin hankali ba ne. Tsuntsu cikinsa ne ke mulkinsa. Ka ɗauke kwanon abinci kwana biyu, ruwa kawai za ka bari. Rana ta uku ka zuba gyaɗa a tafin hannunka ka miƙa, da kansa zai zo. In ya yi taurin kai ka lulluɓe shi da tawul ka rungume a ƙirjinka kullum bayan la'asar har ya daina mutsu-mutsu. Haka muka ga na gaba da mu suna yi.

Ɗan Tasha: Ko kuma ka sayar mini, ka huta, uwargida ta huta. Nawa?

Maman Fu'ad, Rikkos: Allah ya jiƙan Kawu. Baba Alhaji, a yi mini afuwa, ba musu nake da kai ba, amma tawul ɗin nan ni na gwada shi da hannuna kuma har yau ina nadama. Tawa akun daga gidan wata maƙwabciya da ta koma Abuja na karɓe ta, shekara 6 ke nan. Wani ya ba ni wannan shawarar, na yi ta kwana huɗu. Eh, ta daina mutsu-mutsu. Amma in na buɗe tawul ɗin sai in ga idonta a ƙafe, tana haki, zuciyarta na bugawa a yatsuna kamar za ta fito. Bayan nan sai da na yi kusan wata uku kafin ta yarda ta ci abinci ina kallo. Ko tawul na wanka ta gani a kan igiya sai ta yi ihu, har yanzu.

Baban Zara, tsaya tukuna kan maganar jinin. Daga ina ya fito?

Baban Zara: Daga fiffike na hagu, Hajiya. Ya tsaya da kansa, amma akwai wani gashi da ya karye yana lilo.

Likitan Dabbobi, Bukuru: Wannan sabon gashi ne da bai gama girma ba. Gashi yana fitowa da jijiyar jini a cikin sandarsa, in ya karye yakan zuba kamar famfo. Aku irin wannan nauyinsa duka bai wuce gram 400 zuwa 500 ba, jinin da ke jikinsa kaɗan ne, abin da kai za ka raina shi zai iya kayar da shi. In ya sake ɓallewa ka danna masa garin masara ko sitaci, ka kai shi wurin likita a cire gashin daga tushe. Kada ka ja da kanka.

Sai maganar Baba Alhaji. Ranka ya daɗe, tantabara daban, aku daban. Tantabararka a gidanka aka ƙyanƙyashe ta, kakanninta ma a hannun mutum suka tashi shekaru dubbai. Aku naman daji ne da aka sa a keji. Wannan kuma ga rama, ga figar gashi, ga hayaƙin janareta da ya sha. A hana shi abinci kwana biyu a sanyin nan da ke shigowa, ana iya wayar gari a tarar da shi a ƙasan keji. Shirun da tsuntsu ke yi a cikin tawul kuwa, ya yanke ƙauna ne daga kuɓuta, sai ya sandare. Mai kallo ya ɗauka ya saba.

Alhaji Mai Tantabaru: To Likita, ku da kuka yi boko. Ni dai shekara arba'in ina kiwo ban taɓa kai tsuntsu asibiti ba.

Ɗan Tasha: Baba ai waɗanda suka mutu miya suke shiga, shi ya sa ba a lissafi.

Shugaban zaure: Ɗan Tasha, a riƙa sara ana duban bakin gatari. Baba Alhaji sa'an mahaifinka ne.

Maman Fu'ad: Bari in faɗi yadda na yi bayan na bar tawul, kowa ya ɗauki abin da zai ɗauka.

Da farko wurin keji. Kada ya zauna a ƙasa, kada kuma ya zauna tsakiyar ɗaki inda ake zagaye shi ta ko'ina. Ka jingina shi da bango, ka ɗaga shi sandar da yake tsayawa ta kai daidai ƙirjinka, ka rufe baya da gefe ɗaya da zane mai kauri. Ya samu lungun da in ya shige ba mai ganinsa. Mutane suna cewa ai in ya samu maɓoya ba zai taɓa fitowa ba. Ni akasin haka na gani. Da ta san tana da wurin gudu sai ta fara leƙowa.

Sannan ka nemo iyakarsa. Ka ce taku uku yake fara gurnani, to taku huɗu ne wurin zamanka. Ka ajiye kujera a nan, ka zauna ka ba shi gefe, kada ka fuskance shi. Idanunmu biyu a gaba suke kamar na kyanwa da na shaho, in ka tsura masa su abin da yake gani mai farauta ne. Ni tire nake ɗauka in zauna ina tsince shinkafa ko ina gyaran zogale, ina 'yar magana ƙasa-ƙasa kamar da kaina nake. Minti goma, sha biyar, in tashi a hankali in tafi. Ban kalle ta ba, ban ce mata "yi magana" ba.

Ranar da na fara jin ƙas-ƙas a bayana, na saci kallo na ga tana fasa gyaɗa alhali ina zaune, wallahi sai da na yi ƙwalla a cikin shinkafar. Wannan ita ce alamar da za ka jira. In ya ci abinci kana wurin, ko ya ɗaga ƙafa ɗaya ya cusa cikin gashin ciki, ko ya fara gyaran gashinsa, ko ka ji yana goga bakinsa na sama da na ƙasa kamar mai cin ƙanzo, to hankalinsa ya kwanta. Sai washegari ka matso da kujerar tsawon tafin hannu ɗaya. In ya manne gashi a jiki ya miƙe zuru, ko ya koma lungu, ka yi sauri, mayar da kujerar inda take jiya.

Baban Zara: Tafin hannu ɗaya a rana? Hajiya ai sai azumi ya zo ban kai ba.

Maman Fu'ad: Ba ma kullum ba, ɗan'uwa. Wani lokaci sati guda kujera na wuri ɗaya. Ina kake sauri? Tsuntsun nan in ya samu kulawa yakan yi shekara 40, wani 50 har fiye. Tun kana sakandare kake ganinsa, kuma yana iya ganin auren Zara. Wata shida a cikin wannan mene ne?

Alhaji Mai Tantabaru: A nan kam na yarda da ke, 'yata. Amma ku ƙara da wannan: mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, lokaci ɗaya, da kira iri ɗaya. Tantabaruna in na yi fito daga bakin layi sun san ni ne. In yau wannan ya zuba, gobe wancan, ba zai san na wa zai riƙe ba. Kuma maganar ciki da na yi ba ku rushe ta ba. Wanda ya ƙoshi da gyaɗa me zai zo nema a hannunka?

Likitan Dabbobi: Wannan gaskiya ce Baba, kuma a nan muka haɗu. Ba za a hana shi abinci ba, amma abin da ya fi so shi za a cire daga kwano a mai da shi tukwici. Dama gyaɗa zalla ita ke kashe su sannu a hankali. Kitse ya yi yawa, ba ta da isasshen sinadarin da ke gina ƙashi, kuma wannan nau'in ya yi suna wajen ƙarancinsa a jini, har ka ga yana faɗowa daga sanda yana karkarwa kamar mai farfaɗiya. Gyaɗar da ta sha danshi a buhu kuma tana ɗauke da fumfuna mai lalata hanta da huhu. Wadda za ka ba shi ta zama wadda kai ma za ka ci, busasshiya, ba gishiri.

Kwanon yau da kullum: ɗanyar masara, gero ko dawa da aka jiƙa, karas, dafaffen dankalin Hausa, kabewa, ganyen zogale, gwanda, gwaiba, tattasai. Duk a kasuwar Farin Gada da ke nan Jos za ka same su da araha. Barkono ma yana ci, tsuntsu ba ya jin yaji irin namu. Sau ɗaya ko biyu a sati ɗan dafaffen ƙwai. In ka samu kwakwar manja ɗanya wurin masu kawo kaya daga kudu, ita ce abincinsa na asali a daji. Da hantsi kuma ya sha rana kai tsaye, ba ta bayan gilashin taga ba, da inuwa a gefe in ya gaji.

Abin da ba ya shiga bakinsa ko kaɗan: fiya, wato avocado, wadda muke da ita jibge a garin nan, guba ce gare shi. Haka cakulan, goro, shayi, kofi, albasa, da duk abin da aka sa wa gishiri.

Ɗan Tasha: Goro ma? Na ga wani mai shayi a tasha yana ba nasa.

Likitan Dabbobi: Ka ce masa ya bari. Sannan Baban Zara, wannan uwargida za ka karanta wa: turaren wuta, igiyar leƙo, fiya-fiya, maganin sauro na feshi, kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki in sanyi ya matsa, da tukunyar suya irin wadda abinci ba ya kamawa in ta yi zafi fiye da kima. Huhun tsuntsu yana zuƙar iska fiye da namu nesa ba kusa ba, hayaƙin da zai sa ka tari shi kashe shi zai yi. Ka zaɓar masa ɗakin da ba a turara shi.

Kana da wasu tsuntsaye a gida?

Baban Zara: Kanari biyu da kaji.

Likitan Dabbobi: Ka raba su aƙalla kwana 30, ka riƙa wanke hannu. Akwai cutar da aku ke ɗauka wadda take kama mutum, ta zo da zazzaɓi da tari kamar mura mai nauyi. Tana bin ƙurar busasshen kashinsa, don haka ka yayyafa ruwa kafin ka share ƙasan keji. Figar gashin kuma kada mu ɗora wa damuwa kaɗai, akwai ciwon da ke cinye gashi da baki. In shi ke figa da kansa za ka ga gashin kansa lafiya lau, tunda bakinsa ba ya kaiwa can. In har kan ma ya zube, a duba shi da wuri.

Baban Zara: Kan nan cike yake taf. Ƙirji ne da cinyoyi.

Mai Kanari, Nasarawa: Ni fa duk wannan wahalar ban ga dalilinta ba. Tsuntsu ya nuna ba ya son mutane. Ka hau da shi dutsen Shere ka buɗe keji, ka samu lada, shi ma ya huta.

Ɗalibar Laminga: Yaya Mai Kanari, niyyar mai kyau ce, amma kisa ne. Na yi karatu a cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, wadda aka kafa a 2001 ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma ina tabbatar maka wannan akun ba ɗan Filato ba ne. Gidansa kurmi mai ruwa da zafi, irin na Kuros Riba da Neja Delta, zuwa Kamaru, Gabon da Kwango. A can garke suke tashi, su kwana tare, su san bishiyar da ta nuna. A Shere me zai ci? Ga sanyin Disamba da wani daren yakan kusanci digiri 10, ga ƙirji ba gashi, ga fukafukan da suka shekara ashirin ba su tashi ba. Shaho ba zai bar shi ya kai magariba ba. Masu mayar da su daji, irin cibiyar Limbe a Kamaru, waɗanda aka ƙwace daga hannun 'yan fasa-ƙwauri suke karɓa, su yi musu magani, su haɗa su garke, su sake su a dajinsu na asali.

Kuma tunda Ɗan Tasha ya tambayi kuɗi, bari in faɗa. A watan Oktoba na 2016, a taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, an sa wannan nau'in a rukunin farko, wato an haramta cinikin na daji tsakanin ƙasashe. A shekarar ne kuma aka lissafa shi cikin masu fuskantar ƙarewa. Wani bincike da ya fito a 2016 ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na nata tun daga 1992. Mu ma a Najeriya an yi dokar kare irin waɗannan halittu a 1985, aka yi mata gyara a 2016. Da danƙo ake kama su, a shafa a sanda, a ɗaure wani akun a kusa yana kuka, 'yan'uwansa su sauko su manne. Da yawa a cikin kwali suke mutuwa kafin su kai kasuwa. Duk wanda ka saya, ka ba da kuɗin kamo wani.

Ɗan Tasha: Anti wasa nake yi, ko kejin ba ni da kuɗinsa.

Mai Kanari: To in haka ne riƙe shi ma ai laifi ne. Malam yana nan? Ya halatta a kulle tsuntsu irin wannan?

Malam na Dilimi: Ina biye da ku. Asalin riƙon tsuntsu ya halatta in za a ba shi haƙƙinsa. Hujjar malamai hadisin Anas ne da ke Bukhari da Muslim, na ƙaninsa Abu Umair da yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, har da tsuntsun ya mutu ya riƙa tambayar yaron labarinsa. Amma kada a manta da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Akwai kuma na Abu Dawud, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa ta zo tana kaɗa fukafukai, aka ce su mayar mata. Wanda ya je kurmi ya kamo, da wanda ya tsamo shi daga ƙarƙashin benci, ba hukuncinsu ɗaya ba. Shi Baban Zara amana ce ta faɗo hannunsa. Maganar kwana biyu ba abinci dai, Alhaji, a janye ta.

Alhaji Mai Tantabaru: Na janye, Allah gafarta Malam. An taru a kaina.

Malam na Dilimi: Ita kuma uwargida a gaya mata ba fatalwa ba ce, ba aljani ba. Abin da kunnensa ya sha ji shekara da shekaru ne yake maimaitawa. In ta ji, ta yi wa mamacin addu'a.

Ɗalibar Laminga: Kuma asuba da magariba lokacin kiran garke ne a wurinsu. Yana kira ne ya ji ko nasa suna kusa. Kawu ne garkensa, kiran da ya sani ke nan. Akwai wani aku mai suna Alex da wata masaniya a Amurka, Irene Pepperberg, ta saya a 1977 ta yi bincike da shi har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi fiye da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙirga ƙananan lambobi. Mai irin wannan kai ya san an rasa wani a gida.

Maman Fu'ad: To a amsa masa mana! In ya ce a kawo buta, wani daga nesa ya ce "ga ta nan." Ba sai an shiga ɗakin ba. Sannan Baban Zara, ita Hajiyar Kawu tana raye? Ka tambaye ta sunan da yake kiransa da shi, da abin da yake ba shi da hannu. Wanda ya karɓi tsuntsu daga wani gida ya bar tarihinsa a can, rabin aikin ya bari.

Baban Zara: Kai, wannan bai zo mini ba. Tana Kaduna wurin 'yarta tun da ta fita takaba. Zan kira ta yau.

*Bayan sati biyu*

Baban Zara: Jama'a ga rahoto. Hajiya ta ce sunansa Ɗanjuma, don ranar Juma'a Kawu ya shigo da shi. Ta ce rake yake ba shi, ya yanka ƙanana ya miƙa ta waya bayan ya dawo daga masallaci, kuma bai taɓa sa hannu cikin kejin ba sai da ya yi sallama. Ta yi kuka a waya, ni ma na kasa magana. An cire karyayyen gashin. Likitan da ya duba shi ya ce wayar kejin irin mai farin shafe ce, in yana gwaguya gubar ƙarfen za ta taru a jikinsa, ga shi kuma zagayayye ba lungu. Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, shi ya haɗa ni da mai walda aka yi mini mai kusurwa huɗu, da ƙananan ƙofofi biyu a gefe, ina zaro kwano daga waje ba sai hannuna ya shiga ba. Shi ya kawo mini reshen gwaiba na tsayawa.

Kujera ta kai taku biyu da rabi. Shekaranjiya ya ci masara ina zaune.

Maman Fu'ad: Alhamdulillah! Yanzu ka rataya ɗan kofi a gefen da kake wucewa. Duk wucewa ka yi sallama, ka jefa guntun rake, ka ci gaba da tafiya, kada ka tsaya ganin ko zai ɗauka. So ake ya riƙa cewa in mutumin nan ya zo alheri na zuwa, kuma ba ya neman komai.

Ɗalibar Laminga: Masu horarwa suna amfani da ɗan tsinke, a koya masa in ya taɓa kan tsinken da baki ya samu tukwici, daga nan sai a riƙa jan sa duk inda ake so ba tare da an taɓa shi ba.

Maman Fu'ad: Ƙanwata, ga wani tsuntsun haka ne, amma ki tuna da me yaran can suka tsokane shi. Wannan in ya ga tsinke an koma farko. Ya gwada murfin gora mai launi, ko cokalin katako mai faɗi, abin da bai taɓa cutar da shi ba. Kuma ya fara ajiye shi nesa kwana biyu ya saba da ganinsa.

Ɗalibar Laminga: Gaskiyarki Anti, na manta.

*Bayan sati bakwai*

Baban Zara: An samu koma-baya. Mun kai har yana karɓar rake a cokali. Ranar Asabar aka yi suna a maƙwabta, baƙi suka cika gidanmu, wani abokina ya shiga ɗakin ban sani ba ya buɗe keji wai zai shafa kansa. Ya sha cizo har sai da aka ɗaure yatsan, ya fizge hannu kejin ya kusa kifewa. Yau kwana uku Ɗanjuma yana lungu, sabon gashin da ya fara tsirowa a ƙirji ya tsige shi tas. Na ji kamar in haƙura. Wani ya ce in yanke masa fukafukai zai yi laushi.

Likitan Dabbobi: Kada ka yanke. Wannan nau'in jikinsa da nauyi, in ba fiffike ya faɗo a kan ƙashin ƙirji fatar takan tsage. Kuma matsoraci in ka raba shi da hanyar gudu, cizo kaɗai ka bar masa. Ka sa kwaɗo a ƙofar ɗakin. Ga hunturu ya busar da fata, ƙaiƙayi na ƙara figar. Da rana tsaka ka ajiye faranti mai faɗi da ruwa mai ɗumi kaɗan ya yi wanka da kansa. Ka ba shi abin da zai ɓarnata, ɓawon masara, totuwa, kwali marar fenti, bakin ya samu aikin da ba gashinsa ba. Dare kuma ya samu barcin awa 10 zuwa 12 a duhu.

Maman Fu'ad: Mayar da kujera taku huɗu, kamar ranar farko. Abin da ya koya bai goge ba, za ka ga wannan karon ya fi sauri. Tawa sau uku tana yi mini haka, ɗaya ma don na sa sabon hijabi ja ne kawai.

Alhaji Mai Tantabaru: Abokin naka kuma ka ce ina gaishe shi da yatsa.

*Bayan wata huɗu*

Baban Zara: Salam. Na daɗe ban leƙo ba. Hajiya Maman Fu'ad ta yi gaskiya, kwana tara muka koma inda muke. Yanzu in na buɗe ƙofa yakan fito ya hau saman keji, ya taɓa murfin gora ya karɓi rake a yatsuna. Hannuna dai bai yarda ya hau ba, in na miƙa sai ya ja baya, ni ma sai in janye. Ƙirjin ya rufe rabi, akwai wani wuri kamar faɗin kwabo da Likita ya ce mai yiwuwa ba zai sake tsirowa ba.

Amma ga ƙarata. Ni na yi zaman kujera wata huɗu, ni na sha cizo sau biyu, ni ke zuwa Farin Gada. Ita uwargida da ta ce ba za ta iya ba, abin da ta yi kawai amsa masa "ga ta nan" daga kicin kullum da asuba. Jiya na shigo na tarar ya sunkuyar da kai ta waya tana sosa masa ƙeya da ɗan yatsa, idonsa a lumshe. Da ya gan ni sai ya miƙe.

Ɗan Tasha: Malam, ka yi wa kanka kishiya da kuɗinka.

Maman Fu'ad: Haka suke, sukan zaɓi nasu. Amma kada ka bar mata shi ita kaɗai, in ya manne wa mutum ɗaya zai fara korar kowa daga jikinta, har Zara. Raken ya zauna a hannunka kai kaɗai, ita ta riƙe susa. Kuma a kai kawai da wuya, ban da baya da ƙarƙashin fiffike.

Baban Zara: To an ji. Baba Alhaji, reshen gwaibar nan ya gwaguye shi saura kaɗan ya karye. Akwai wani?

Alhaji Mai Tantabaru: Ka biyo bayan Juma'a. Ka zo da zarto, nawa ya dakushe.